Mai Wankan Gawa a Layin Gwaji

Ni mai wankan gawa ce. Ba sana'a ba ce, ba a biyana, gado ne. Gwaggona ta yi a Wurno har ƙarfinta ya ƙare. Lokacin da na koma gida haihuwar fari, Gwaggo ta fara sa ni riƙe mata buta, tana wanka ina zuba ruwa. Aure ya kawo ni Goronyo ana tsakiyar aikin dam, manyan motoci suna ta kai da kawo. Maigidana, Allah Ya jiƙan shi, yana cikin waɗanda suka samu fili da aka fara noman rani. Shi yana can cikin shinkafa da albasa, ni ina gida. Da na manyanta, in mace ta rasu a unguwa ni ake aiko wa, in ɗauki ganyen magarya da kafur in tafi.

Gwaggo ta ce mini abin da ido ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin yake zama. Na riƙe wannan, har gobe ina riƙe da shi. Mutum ɗaya kawai zan yi maganarta a nan, ita ma da izininta.

Ƙanwata ce, wadda take bi mini. Gidan masunta aka kai ta a Rabah, ta koyi suyar kifi har ta fi matan gidan. Mace ce mai jiki, mai dariya da ƙarfi. In ta zo Wurno da ƙaramar Sallah, tun daga zaure ake jin ta. Sai ta fara ramewa. In na tambaya ta ce zafin wutar suya ne, wani lokaci ta ce olsa. Ashe ta daɗe tana ganin jini in ta zaga bayi. Ta ce wa ranta basir ne, kowa yana da basir. Duk mai maganin da ya kafa lasifika ranar kasuwa sai ta saya, ta jiƙa, ta sha. Ta sha zuwa ƙaramin asibitin garinsu, a tambaye ta abin da ke damunta, ta ce ciki, ta ce kasala, a ba ta ƙwayoyi ta dawo. Maganar jinin ba ta taɓa fita daga bakinta ba, su ma ba su tambaya ba.

Sai da cikinta ya kumbura, bayan gida ya ƙi fita gaba ɗaya, aka ɗauke ta zuwa Sakkwato. Likita ya kira ni da mijinta gefe, ya ce sankarar babban hanji ce, ta riga ta kai hanta. Ya ce irin wannan ciwo yakan daɗe yana ƙarami, da an gan shi a lokacin da an cire. Muka dawo da ita gidanmu na Wurno.

Ni na yi jinyarta. Wata rana da hantsi ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa, na kasa haƙuri.

"Don mi ba ki hwaɗa min ba?"

Ta yi ɗan murmushi. "Adda, ta ina zan hwara? In ce miki mi?"

"Ki ce min jini kika gani. Kalma nawa ta?"

Na ce mata in Allah Ya yi abin da zai yi, ina son in gaya wa mata abin da ya same ta, da sunan ciwon da inda ya fito. Ta juyo ta dube ni da idanun nan da suka faɗa.

"Hwaɗi, Adda. Wace kunya tar rage min?"

Ni na wanke ta. Matar da sai mutum biyu suke tayar da ita in ta zauna kan tabarma, ni kaɗai na juya ta. Ban yi kuka a ɗakin ba, ba a kuka kan aiki. Amma na fito da wani fushi da ban san inda zan ajiye shi ba. Ba da Allah nake fushi ba, wane ni. Kunyar nan da aka rene mu da ita, ita nake jin kamar in shaƙe.

Bayan damina biyu, na je ƙaramin asibitinmu awon hawan jini, kamar yadda na saba. Muna zaune kan benci, mata sun cika baranda, sai malamar asibiti ta fito da kwali a hannu. Ta ce wasu likitoci daga Sakkwato sun kawo gwaji na ɗan lokaci, don waɗanda suka kai hamsin, ko da ba su jin ciwon komai. Ta ciro wata 'yar roba kamar ɗan yatsa, murfinta da tsinke a jiki. Ta ce in mutum ya zaga, sai ya dangwali bayan gidansa da tsinken, ya mayar ya rufe, ya kawo. Suna neman jinin da ido ba ya gani.

Baranda ta fashe da dariya, kowa ta ja mayafi ta rufe baki. Wata tsohuwa daga Giyawa ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin an roƙi mutum kashinsa ba sai yau. Wata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa da gashi da farce da wannan ake yi wa mutum sammu, wa ya san inda za a kai shi. Wasu suka karɓa don kada malamar ta ji kunya, na ga robobin suna sulalewa ƙarƙashin benci. Ɗaya ma ta ce za ta wanke tata ta zuba kwalli.

Na miƙe na ce, "Ba ni tawa, ɗiyata."

Malamar ta matso za ta saka mini cikin leda a ɓoye. Na ce a'a, a tafin hannu nake so. Na juya na fuskanci benci.

"Kun san ni. Na wanke uwayen wasunku. Wanga ciwo da malama ta ambata shi yak kashe ƙanwata, kuma da jini ga bayan gida yaf fara. Basir tac ce har ta mutu. Ku yi ta dariya."

Ba wadda ta ƙara dariya, amma ba wadda ta sunkuya ta ɗauko robarta.

Washegari na mayar da tawa. Ɗana, wanda nake zaune a gidansa tun rasuwar mahaifinsa, shi ya ɗauke ni a mashin. Ya ga abin a hannuna ya ce, "Inna, don Allah ki sa cikin zane, ta bakin kasuwa za mu bi." Na ce ya kalli hanya.

Gaskiya ban zaci za a ga komai ba. Ina cin tuwona, ina surfe, ina zuwa gona da ƙafa lokacin cirar albasa. Na yi ne don mata su ga ba a mutuwa daga miƙa roba. Da malamar ta aiko a kira ni, ta rufe ƙofa ta ce an ga jini, sai na tambaye ta ko ciwon ƙanwata ne. Ta ce wannan ba ya nufin sankara ce, yana iya zama basir na gaske, yana iya zama wani abu. Sai an duba cikin hanjin za a sani. A Sakkwato ake yi. Wata siririyar roba ce mai fitila a kai, ana tura ta ta dubura, likita yana gani a allo.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu abinci ba ya wuce mini. Amma ban taɓa tunanin ƙin zuwa ba.

Kafin in shirya, magana ta riga ni zuwa Wurno. Babban wanmu ya aiko in zo. Shi ne ya gaji mahaifinmu, shi ke ba da karatu a zaure, a unguwarmu ba a ɗaura aure ko a raba gado ba tare da shi ba. Yaya Malam muke ce masa. Ba mugu ba ne. Shi ya yi mini komai ranar aurena, shi ya riƙe 'ya'yan ƙanwarmu bayan ta rasu. Na same shi cikin gida bayan la'asar, matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta koma bakin murhu, inda za ta ji komai.

Bayan gaisuwa ya ce, "An ce kin tashi gaban mutane kina kiran abin da ba a kira. Har da sunan marigayiya."

"Da izininta, Yaya."

"An ce kuma za ki Sakkwato a buɗe ki."

"Haka na."

"Wani wuri na yi miki ciwo?"

"A'a."

"To mi ak kai ki tonon abin da Allah Ya ruhe? Ban hana mara lahiya neman magani ba, kin sani. Amma ke lahiyarki lau. Ki tuna gidan da kika hito. Gobe ɗalibaina su ji ƙanwar malaminsu ta kwanta gaban maza an yi mata kaza, da wane ido zan dube su?"

Tun ina yarinya ban taɓa mayar masa da magana ba. Ranar na mayar.

"Yaya, kai kab bi ta da salla, amma ni niw wanke ta. Kai likkahwani kag gani. Da ka ga abin da ke cikinai, da ba ka yi min zancen idon ɗalibai ba. Ita ta tsare mutuncin gidanmu, ba ta hwaɗa ma kowa ba, ga ɗiyanta nan kana ciyarwa. Ni ba ni bin ta."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "In na ce kada ki tahi hwa?"

"Sai in roƙe ka gahwara, in tahi."

Ya tashi ya fita masallaci, lokacin salla bai ma yi ba. Matarsa ta kawo mini fura.

Muka tafi da ɗana da matarsa. A shekarun nan hanya ba ta da daɗi, ba a fita da sassafe, ba a kai yamma, sai rana ta ɗaga motoci su taru su bi juna. Muka sauka gidan wata 'yar uwa a cikin birni. Aka ba ni maganin wankin ciki mai yawa, na sha na yini ina zarya. Wannan ya fi gwajin kansa wuya.

Na nemi a ba ni likita mace, aka ce babu mai yin wannan aikin a lokacin, namiji ne, amma mata biyu za su tsaya a kaina. Na ce to. Suka kwantar da ni ta gefen hagu, suka lulluɓe ni tun daga kafaɗa har ƙafa, ba inda ke buɗe sai daidai wurin aiki. Har na yi dariya a raina, don ni ma haka nake yi wa waɗanda nake wankewa. Likitan bai kai ɗana shekaru ba. Ya gaishe ni da ladabi, idonsa na kan allo har aka gama. An yi mini allura, jikina ya mutu, amma ina ji ina gani. Na ce a juyo mini allon. Na ga cikin hanjina, ja, mai sheƙi, kamar cikin bakin jariri. Sai ga wani ɗan tsiro yana reto, ya ce wannan yanzu zai cire shi, ya kuwa cire. Can gaba ya tsaya. Akwai wani, ya fi girma, ya kai ƙwallon dabino, bakinsa ba kyau. Ya gutsuri kaɗan don a auna.

Sankara ce. Da aka faɗa mana, matar ɗana ta fashe da kuka, ni kuwa tambaya ɗaya na yi: ta kai hanta? Aka yi hoto, aka ce ba ta fita daga hanjin ba. Aka yi mini aiki, aka yanke wurin aka haɗa. Na sha wuya, ɗinkin ya yi ruwa, na daɗe ba na iya miƙewa sosai. Ɗana ya sayar da albasarsa tun ba ta yi daraja ba. Yaya Malam bai zo asibiti ba, amma ya aiko babban ɗansa da buhun shinkafa, aka ce kuma kullum bayan karatu sai ya sa an yi mini addu'a, ba tare da ya faɗi ciwon ba.

Ranar da za a sallame ni, likita ya ce tun da ciwon ya kama mu biyu 'yan ciki ɗaya, duk wanda muka haɗa uwa da uba ya kamata a duba shi, kada ya jira ya ga wani abu. Mutum ɗaya ya rage mana ciki ɗaya, Yaya Malam.

Na dawo Goronyo na tarar an canza mini. An zo sannu, an kawo kunu, amma da aka yi rashi a gidan da ke bayan namu, sai na ji an ɗauko mai wanka daga wata unguwa. Na ce ko don ban warke ba ne. Na warke, aka sake yin wani, aka sake tsallake ni. Maƙwabciyata ta gaya mini gaskiya: ana cewa wadda ta tona ƙanwarta za ta tona kowa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da wuƙar likita. Shekara da shekaru ina shiga ɗakunan mutanen nan, ban taɓa fitar da ko tabon ƙuna ba.

Na yi kukana a ɗaki, na share ido, na ci gaba. In an yi suna na je, ana cikin raba goro sai in ce, mata, ina da magana. Wasu su tashi su fita, wasu su ce ana cin abinci. In jira a gama ci in faɗa. Ban iya wa'azi ba, abin da ya same ni kawai nake faɗa, in sun yi musu in ɗaga riga su ga ɗinki. Har suna aka sa mini a unguwa, wanda ba zan rubuta ba. In yara sun kira ni da shi ina amsawa.

Ba zan ce gari ya juya ba. Yawancinsu har yau ba su je ba, gwajin ma wani lokaci akwai, wani lokaci a ce robobi sun ƙare. Amma an fara sallama a ƙofata da rana tsaka, lokacin da maza suke gona. Mace ta zauna ta yi ta zancen tsadar taki, sai za ta tashi ta ce, "Inna, wanga abu, in mutum ya ga jini kaɗan hwa?" In ɗauki mayafina in raka ta. Wata matar masunci daga Rimawa an cire mata tsiro, tana nan tana shanya kifinta. Wata kuma mun makara, danginta suka ce ni suke so in wanke ta, na wanke ta.

Matar Yaya Malam da kanta ta zo, wai ta zo duba ni. Na kai ta, aka ce ba komai. Ta riƙe hannuna a bakin asibiti ta ce, "Saura yayanki. Ni ba ni iya tunkarar shi."

Na aika masa saƙon likita ta bakin ɗansa, shiru. Na je na faɗa masa cikin gida, ya ce ya ji. Na koma, ya ce in bar shi. To, ranar wata Laraba na sauka Wurno da hantsi, ban shiga cikin gida ba. Na cire takalmi na shiga zaure, inda mace ba ta zama, na sami gefe na zauna. Ɗalibai manya, wasu da furfura, kowa ya sunkuyar da kai kan littafinsa. Yaya Malam ya tsaya tsakiyar jimla.

"Lahiya?"

"Lahiya lau. Karatu niz zo ji."

"Shiga ciki, ina zuwa."

"Nan ya yi min. In ka gama ina da tambaya, kuma gaban ɗalibai nika son in yi ta."

Ya san tambayar, ya kuma san zan yi. Ya rufe littafi ya sallami mutane tun lokaci bai yi ba. Da zauren ya zama daga ni sai shi, ya yi faɗa irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce na zubar masa da girma, ya ce ciwo ya taɓa mini hankali. Na bar shi ya gama. Na ce mu uku mahaifiyarmu ta bari, ɗaya ta tafi, ni an yanke ni, ba zan zauna ina kallo ba. Na ce gobe ma zan dawo, jibi ma haka.

Sannan, yana kallon ƙofa, ya ce, "Ba ni zuwa asibitin Wurno. Ba ni zuwa naku. Duk sun san ni."

"Akwai Rabah."

"Can ma surukai na nan."

"To Sakkwato. Ɗana shi kai ka, ba mai sani."

Bayan sati ya kira ɗana da kansa, suka tafi, wai sayen littattafai.

Da na je jin sakamako, na same shi a ƙofar gida ana auna masa tafarnuwar da aka kawo daga fadama. Na gaishe shi, na tambaya. Ya ce wannan tsakaninsa da likitansa ne, ba ruwana. Ɗana ma ya ja masa kunne, har yau bai gaya mini ba. Abin da na sani, sun sake komawa sau ɗaya, kuma yana nan yana ba da karatu, muryarsa har bakin titi.

Ya sa aka ɗaure mini tafarnuwa a ƙullin buhu, ya raka ni har inda masu kabu-kabu suke tsayawa, abin da bai taɓa yi ba. Na hau, na gyara zama, sai ya ce, "Ke. Kada ki ƙara shigo min zaure."

Na ce, "Ban yi alkawari ba, Yaya."